Ra'ayinmu: Tukunya mai dafuwa a hankali, alherinta da sharaɗinta

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kicin a 'yan shekarun nan, ko ya bi tallan matan da ke sayar da kayan ɗakin amare a WhatsApp da Instagram, zai lura wata tukunyar lantarki ta fara samun wuri kusa da injin markaɗe da butar dafa ruwa. Ƙirarta ba ta da rikici: kwanon tangaran mai kauri zaune cikin gidan ƙarfe, murfin gilashi, sai maɓalli guda mai nuna ƙaramar wuta da babba. A zuba nama da kayan miya da safe, a rufe, a kama hanya. A dawo da la'asar a tarar girki ya nuna. Masu tallarta na cewa ita ce maganin wahalar uwargida. Wasu magidanta kuwa na ganin ɓarnar kuɗi ce kawai, kayan Turawa ne da bai san tuwo ba. Mun ga ya kamata mu auna maganganun biyu, domin kuɗin da za a zuba a kanta ba ƙarami ba ne a wannan zamani, kuma abin da ta dafa cikin iyali zai shiga.

Tukunyar ta daɗe a duniya. Wani mai ƙirƙirar na'urori a birnin Chicago na Amurka, Irving Naxon, shi ya nemi rajistar ƙirarta a 1936, aka ba shi a 1940. Ya samo tunanin ne daga labarin da mahaifiyarsa ke ba shi na kakarsa a Lituweniya, wadda kan haɗa wake da nama a tukunya ranar Juma'a, a kai gidan burodi a ajiye cikin tandun da ke hucewa har washegari, saboda Yahudawa ba sa hura wuta ranar Asabar. A 1970 kamfanin Rival na Kansas City ya saye kamfanin Naxon, a 1971 ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot. Nan da nan ta karɓu, domin a shekarun ne matan Amurka ke tururuwar fita aiki, suna neman yadda za su bar girki a gida ba tare da sun tsaya a kansa ba. Ke nan an ƙera ta ne don gidan da babu kowa cikinsa da rana, amma wutar lantarki ba ta yankewa daga safe har dare. Abu na farko ya fara zama halin gidaje da yawa a biranenmu. Na biyun ne har yanzu ba mu samu ba, kuma a kansa hukuncinmu ya rataya.

Ita kanta dabarar dafa abu a kan ƙaramar wuta na tsawon lokaci, iyayenmu sun riga lantarki saninta. Mai sayar da langaɓu ba ya gaggawa. Yakan bar ƙafar saniya a kan garwashi har sai fata ta saki ƙashi. Bayan Sallar layya, kai da ƙafa sukan kwana a tukunyar ƙasa, a rufe da toka mai zafi, da safe romo ya yi kauri. 'Yan uwanmu na Sudan sun san yadda waken ful ke kwana yana dahuwa cikin tukunya mai ƙaramin baki. Abin da na'urar ta ƙara shi ne ta cire mai tsaron wuta. Ba a iza itace, ba a fifita, ba a tashi cikin dare a duba ko ruwa ya ƙone.

Yadda take aiki shi ne ke nuna abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Wayar da ke kewaye da kwanon tana ba da zafi kaɗan-kaɗan, ruwan girkin ya hau zuwa wajen digiri 80 ko 95 a ma'aunin Salshiyas, ya tsaya nan yana ɗan motsi, da ƙyar yake tafasa. Murfin na mayar da tururi ciki, don haka ruwa ba ya ƙonewa. A irin wannan zafi, jijiya da tantanin da ke sa nama tauri sukan narke sannu a hankali su koma wannan danƙon da ke kama leɓe idan an sha romon ƙafa. Babbar wuta ba ta yin haka da kyau. Takan ƙanƙance tsoka ta matse ruwanta kafin jijiya ta saki. Shi ya sa naman da ya fi arha a wurin mahauci, wato ƙauri da wuya da jela da ƙirji da ganda da tumbi, shi ne ya fi dacewa da ita. Shanunmu na kiwo ne, sun yi tafiya mai nisa kafin su iso mayanka, namansu ba shi da taushin na shanun turke. Kazar gida ma haka, balle tsohon zakara ko zabo. A nan tukunyar ta dace da mu fiye da yadda masu sukarta ke zato.

Farfesun jelar sa da na kayan ciki suna fita daga cikinta yadda ake so. Naman da za a yi dambu da shi yakan yi laushin da ba ya buƙatar doguwar daka. Waken da za a ci da mai da yaji, ko a haɗa da shinkafa, yakan nuna har ciki ba tare da an jefa masa kanwa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu ƙorafin cewa kanwa na ɓata musu ciki. Kabewar miyar taushe takan narke da kanta. Romon da za a kaɗa miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa a ciki yana iya kasancewa a shirye tun kafin uwargida ta dawo, abin da ya rage mata bai wuce kaɗi na 'yan mintoci ba. A watan azumi kuma, farfesun da aka ɗora bayan sallar asuba zai jira masu buɗa-baki, mai girki ta samu sararin karatun Alƙur'ani da ɗan barcin rana maimakon tsayuwa gaban wuta da ƙishirwa.

Wannan batu na lokaci shi ne ya fi damun mu. A gidajenmu, girki aikin mata ne kusan gaba ɗaya, kuma ba a cika lissafa awannin da yake ci ba. Malamar firamare da ke tashi daga makaranta bayan azahar, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, 'yar kasuwa da ke wuni a shago, ɗalibar jami'a mai goyo, duk suna dawowa ne su fara wani sabon aiki daga tushe. Na'urar da za ta mayar wa irin waɗannan mata awa biyu ko uku a yini ta cancanci a dube ta da mutunci. Ba lalaci ba ne mace ta nemi sauƙi a aikin da take yi sau uku kullum, shekara da shekaru, kuma muna kira ga mazan da ke yi wa irin wannan kaya kallon sangarta su sake tunani.

Akwai kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, tana hallaka mutane kusan miliyan uku a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Duk girkin da aka ɗauke daga murhu aka mayar kan lantarki, huhu da idanun wata ne suka huta. Tukunyar ba ta da harshen wuta, babu fargabar yoyon gas, babu garwashin da mai rarrafe zai taka.

Ta fannin kuɗin wuta ma ba ta da haɗama. Irin wadda aka fi sayarwa tana jan wat 200 ko ƙasa da haka a ƙaramar wuta, alhali rishon lantarki na jan wat 1,000 zuwa 1,500. Idan ta yi awa takwas tana aiki, ta ci yunit ɗaya da rabi da 'yan kai. Ko a farashin rukunin A na masu sayen wuta a Najeriya, wanda hukumar NERC mai kula da lantarki ta ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta shi, kuɗin bai kai naira 400 ba. A ƙarshen 2024, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000 a wurare da dama, kuma kowace mai girki ta san yadda ganda ko wake ke shanye gas.

To, a nan alherin ya tsaya, sharaɗin ya fara. Duk abin da muka lissafa yana buƙatar awa shida zuwa takwas na wuta a jere, ba yankewa. A tsarin da ake bi a Najeriya, rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Alkawari ne na jimillar awanni, ba a ce za su zo a haɗe ba, kuma mazauna unguwanni da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri sun san nisan da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke zuwa ta waya. A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A Nijar kuwa, lokacin da Najeriya ta katse layinta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ƙasar ta rasa kaso mafi tsoka na lantarkin da take amfani da shi har tsawon watanni.

Ɗauke wuta ga mai fanka zafi ne kawai. Ga mai wannan tukunya kuwa, hatsari ne ga lafiya. Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Idan aka ɗauke wuta awa ɗaya bayan uwargida ta fita, ɗanyen nama zai zauna cikin ruwa mai ɗumi, a rufe, cikin zafin Afrilu, na awannin da babu wanda ya ƙirga. In an dawo da wutar daga baya, tukunya mai maɓallin murɗawa za ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, a dawo a tarar da farfesu yana tururi. Wasu ƙwayoyin suna barin gubar da sake dafawa ba ya kashe ta. Shawarar ma'aikatar noma ta Amurka a kan haka ba ta da kwana-kwana: idan wuta ta yanke ba kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da dafaffe, idan ana gida, a juye shi nan take a ƙarasa a wata wutar. Wane gida ne a yau zai iya zubar da kilo guda na nama? Abin da zai faru shi ne za a ci, kuma yara ne za su fara kwanciya. Mai sayar da tukunyar da bai gaya wa mai saye wannan ba, ya ɓoye masa aibin kaya.

Janareto ba mafita ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙona mai na awa takwas don dafa wake ya fi sayen gas tsada nesa ba kusa ba. Inda muka ga hanya ta gaske shi ne gidajen da suka sa sola. Wat 200 ba nauyi ba ne ga matsakaicin inbata, kuma awannin da tukunyar ke so su ne daidai awannin da rana ke kan farantan sola, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da batir ya cika wutar ke tafiya a banza. Girkin dare ne ba mu ba da shawara ba: batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200, idan irin na ruwa ne, abin da ya kamata a zuƙa daga cikinsa bai wuce yunit ɗaya da ɗan ƙari ba, tukunyar za ta kwashe shi kafin asuba.

Ko an samu wutar, akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Naman da ya daskare a firiza sai ya saki sarai kafin a zuba, domin in ba haka ba zai daɗe cikin wancan ɗumi mai hatsari. Ba a ɗumama ragowar abinci a cikinta. Sannan batun wake: jan waken nan mai kama da ƙoda, wanda ake samu a manyan shaguna, yana ɗauke da wata guba ta halitta da sai tafasa mai ƙarfi ke karya ta. Zafin wannan tukunya bai isa ba, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan da ba su dahu ba sun isa su jawo amai da gudawa. Dole a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai na aƙalla minti 10 a kan wuta kafin a mayar ciki. Waken suya ma haka. Wakenmu na gida bai kai su hatsari ba, amma al'adar matanmu ta yi masa tafasa ɗaya a zubar da ruwan farko al'ada ce mai kyau, musamman da yake wasu 'yan kasuwa na zuba wa waken ajiya maganin ƙwari.

Masu cewa ba ta san tuwo ba, gaskiya suka faɗa. Tuwo sai da talge da tuƙi, wannan kuwa aikin muciya ne da babbar wuta. Shinkafa takan caɓe a ciki, taliya ta narke, kifi ya farfashe. Miyar dage-dage na buƙatar a soya tumatir da tattasai har ruwansu ya ƙone mai ya taso, tukunyar kuwa ba ta soya komai. Duk mai son ɗanɗanon da ta saba sai ta fara soya albasa da nama a kasko kafin ta juye, ta kuma rage ruwa ƙasa da yadda ta saba. Alayyafo da zogale da yakuwa a ƙarshe ake sa su, in ba haka ba su yi baƙi su mutu. Buɗe murfi don leƙawa yana ƙara wa girkin kwata ko minti 20, abin da ke da wuya ga hannun da ya saba da ɗanɗana miya. Ga kuma girma: yawancinsu lita uku da rabi ne zuwa shida da rabi, kuma ba a cika su fiye da kashi biyu cikin uku. Hakan ya ishi gidan mutum biyar ko shida. Gidan gandu mai mutum 20 kuwa, sai dai a dafa naman miya kawai.

Wani abin lura ga masu sayen na hannu: kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka na aiki ne da bolt 110 zuwa 120, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce. Jona irin wannan kai tsaye ƙonewa ne, wani lokaci har da gobara. A duba rubutun da ke gindin tukunya kafin a biya. Kwanon tangaran ɗin kuma ba ya jure sauyin zafi farat ɗaya; in ya tsage, samun madadinsa a kasuwanninmu sai an sha wuya.

Hukuncinmu shi ne, tukunya mai dafuwa a hankali kaya ne na ƙwarai, amma na 'yan gidaje ne a halin da muke ciki. Gidan da ke da sola, ko yake kan layin da wuta ke tsayawa da gaske, kuma mutanensa na wuni a waje, ya saya. Zai ga amfaninta a aljihu da kuma hutun mai girki. Sauran gidaje, waɗanda su ne mafi rinjaye, kada su bari talla ta ruɗe su. Muna roƙon iyayen amare musamman da su daina sayen irin wannan kaya don cika kabad a burge 'yan ganin ɗaki. A tambayi yadda wuta take a unguwar da za a kai yarinya tukuna.

Ga waɗannan gidaje akwai abubuwa biyu da suka fi dacewa. Na farko tukunyar firesha mai kulle tururi, wadda ke kai zafi kusan digiri 120, ta dafa ganda ko wake cikin ƙasa da awa guda. Akwai ta gas, akwai ta lantarki, kuma da yake ba ta daɗewa, ɗan lokacin da aka kawo wuta ya ishe ta, ana kuma gida ana kallo. Na biyu ya fi arha, kuma shi muka fi so a yaɗa: jaka ko kwando mai riƙe zafi. A tafasa girki sosai a kan kowace irin wuta na minti 15 ko 20, a sauke da murfinsa a rufe, a cusa cikin kwandon da aka shimfiɗe da auduga ko soso ko tsofaffin tsummoki, a ɗaure. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dafuwar cikin 'yan awanni. A Afirka ta Kudu, Sarah Collins ta mayar da wannan dabara sana'a a 2008, lokacin da ƙasar ke fama da ɗauke wuta, da jakar da ake kira Wonderbag. Sharaɗin kwandon shi ne tukunyar ta kasance cike kuma a tafashe lokacin da aka sa ta, a kuma sake tafasa abincin idan an tarar ya huce. Ba ya jiran kamfanin wuta, ba ya hayaƙi, kuma yana rage itace da gawayi a yankin da hamada ke cin gonaki.

Babu abin da ke cikin wannan jaka da telan unguwa ko mai saƙar kwando ba zai iya yi ba. Auduga muna noma ta, kaba muna da ita. Cibiyoyin koyar da sana'a na jihohi da ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure su ne ya kamata su ɗauki wannan aiki, su koyar da ɗinkin da kuma ƙa'idar tsabtar abincin tare. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta sa ido kan tukwanen lantarkin da ake shigowa da su, ta tilasta wa dillalai liƙa gargaɗin ɗauke wuta da na jan wake cikin Hausa da sauran harsunan masu saye, ba cikin ƙaramin littafin Turanci da ake jefarwa tare da kwali ba.

Wanda har yanzu zuciyarsa ke kan tukunyar, ya yi mako guda yana rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, tsakanin ƙarfe bakwai na safe da huɗu na yamma. Idan a yawancin ranakun bai samu awa takwas a jere ba, ya kai kuɗinsa wajen mai tukunyar firesha, canjin kuma ya ba tela.